BABU DABARAR DA KE CIN GIDAN CACA: Jawabi ga matasan Gyallesu

A daren Asabar ɗin da ta gabata ne, bayan sallar Isha'i, 'yan uwa matasa suka taru a wani zaure da ke unguwar Gyallesu a Tudun Wadan Zariya, inda wani ɗan uwa da ke koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ya gabatar musu da jawabi a kan caca, musamman ƙaryar nan da ake ta yaɗawa tsakanin samari cewa wai akwai dabara da tsarin tattalin jari da in mutum ya bi su ba zai taɓa faɗuwa ba. Zauren ya cika har waje. Akwai ɗalibai daga Kongo, akwai teloli, da masu gyaran waya, da 'yan Keke da suka ajiye sana'a suka zo. Ga yadda jawabin ya kasance, a sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malamin ya ce bai zo ya koya wa kowa hukuncin caca ba, domin babu wanda ke zaune a wurin da bai san haramun ce ba. Ya tunatar da 'yan uwa aya ta 219 a Suratul Baƙara, da aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda aka haɗa caca da giya wuri guda, aka kuma bayyana cewa ƙiyayya da gaba da shagala daga sallah ne abin da suke haifarwa. Ya ce cacar da Larabawan Jahiliyya ke yi, wadda ake kira maisir, da kibau goma ake yin ta a kan raƙumin da aka yanka: bakwai suna da rabo, uku ba su da komai, kuma waɗanda ukun nan suka faɗa wa su ne za su biya kuɗin raƙumin. Ya kuma ambaci hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya kamanta mai wasan nardu da wanda ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa.

To amma, in ji shi, matsalar da ya lura da ita ita ce, yaro ya san haramun ce, amma an shawo kansa da cewa shi ba caca yake yi ba, lissafi yake yi. Shi ba irin wancan tsohon ɗan kartan ba ne da ke zama a bayan tasha, shi mai ilimi ne, yana da tsari, yana da littafin da yake rubuta shiga da fita. Ya ce tunda da sunan lissafi aka yaudare su, to bari lissafin ya yi magana da bakinsa.

Nan take ya sa hannu a aljihu ya fito da 'ya'yan lido guda biyu, ya ɗaga su kowa ya gani, aka yi dariya. Ya ce kada a raina su, domin a manyan gidajen caca na Amurka akwai tebur guda na wani wasa da suke kira kirafs, wanda ba komai a cikinsa sai waɗannan 'ya'yan lido biyu, kuma miliyoyin daloli ke wucewa ta kansa. Ya ce ya zaɓi wannan wasa ne saboda shi ne ɗaya daga cikin wasannin da 'yan caca ke yabo da cewa gida ba ya cutar mutum sosai. Idan aka ga yadda mai sauƙin yake, sai a ƙiyasta sauran.

Ya matso da allo ya ce kowane ɗan lido fuska shida gare shi, saboda haka in an jefa biyu, hanyoyi 36 ne za su iya faɗuwa. Bakwai tana fitowa ta hanyoyi 6: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, da kuma juyinsu. Sha biyu kuwa hanya ɗaya tak gare ta, wato shida da shida. Ya ce wannan ba sirri ba ne, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya zana shi. Sirrin yana wurin biya.

Ya ba da misali da wanda ya zuba Naira 100 cewa sha biyu za ta fito. A jifa 36, bisa ƙiyasi zai faɗi sau 35, ya ci sau ɗaya. Da adalci ake yi, ranar da ya ci sai a ba shi ninki 35, a tashi babu cuta babu cutarwa. Amma gida ninki 30 yake biya. Ya zubar da Naira 3,500, an ba shi 3,000, Naira 500 ta zauna a aljihun mai gida, wato kusan kashi 14 cikin ɗari na duk abin da ya zuba. Wanda ya zuba a kan bakwai ya fi shi shan kashi: a jifa 6 zai faɗi sau 5, ya rasa Naira 500, ya ci sau ɗaya a ba shi 400. Naira 100 cikin kowace 600 ta tafi, kusan kashi 17 cikin ɗari ke nan.

Daga nan ya juya ga babban zubin wasan, wanda aka fi yabo. Ya ce ƙa'idarsa ita ce, in jifan farko ya ba da 7 ko 11 an ci, in ya ba da 2 ko 3 ko 12 an faɗi, in kuma wata lamba ce ta fito, sai a ci gaba da jifa har ta sake fitowa kafin bakwai ta riga ta. Masana lissafi sun ƙididdige shi tsaf: a cikin wasa 495, mutum zai ci 244, ya faɗi 251. Bambancin bakwai ne kacal, wato kashi 1.41 cikin ɗari, Naira 14 a kowace dubu. Ya ce wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. To a kan wannan “ba komai” ɗin aka gina benayen Las Vegas, domin mai gida ba ya gaggawa, ba ya barci, kuma ba da mutum ɗaya yake wasa ba.

Malamin ya daɗe a kan dabarar da ya ce ita ce ta fi halaka samari, wato ninka kuɗi bayan an faɗi. Ya ce ba sabuwa ba ce, tun ƙarni na 18 'yan cacan Faransa suka san ta, suna kiran ta matingel, amma yau ana tallanta a Telegram da TikTok kamar jiya aka gano ta. Yadda take shi ne, ka zuba Naira 100, in ka faɗi ka zuba 200, in ka sake faɗuwa ka zuba 400, haka haka, duk ranar da ka ci za ka mai da duk abin da ka rasa har da ribar Naira 100. Ya ce a baki kam maganar ba ta da aibu, kuma wannan ne hatsarinta, domin da gaske tana aiki kwana da kwanaki.

Sai ya sa wani ɗalibi ya tashi ya riƙa rubutawa a allo: 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200, 6,400, 12,800, 25,600, 51,200. Ya ce a tara. Aka tara, aka sami Naira 102,300. Faɗuwa goma ke nan a jere. Ya ce wannan ya wuce mafi ƙarancin albashin wata da gwamnati ta sa wa hannu a shekarar 2024, wato Naira 70,000. Kuma don a ci gaba da dabarar sai mutum ya sake nemo Naira 102,400 ya aza, duk don neman ribar Naira 100 da ko kuɗin koko da ƙosai ba ta kai ba a yau.

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ai da wuya mutum ya faɗi sau goma a jere. Malamin ya ce gaskiya ne, da wuya, a wancan zubin mai sauƙi kusan sau ɗaya ne a cikin zagaye 890. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Zagaye 889 ka ci Naira ɗari ɗari, ka tara kusan Naira 89,000. Zagaye ɗaya ka faɗi, an kwashe 102,300. Wa ya ci wani? Ya ce dabarar ba ta kawar da asarar ba, tara ta kawai ta yi ta ɓoye, ta riƙa ba ka 'yan canji kullum kana murna, sannan ta sauke maka ita gaba ɗaya rana guda. Ga shi kuma kowane tebur yana da iyakar abin da za a iya zubawa, mai gida ya sa ta ne da saninsa, domin ko kana da kuɗin ninkawa a ce maka iyaka ke nan.

A nan ne ya kawo labarin wani tsohon ɗalibinsa, wanda ya ce ba zai faɗi sunansa ba ko unguwarsu. Yaron yana tuƙa Keke na wani bawan Allah, yana kai balas kowane mako. Wani abokinsa ya nuna masa wasan jirgin nan na waya da ake kira Aviator, wanda jirgi ke tashi kuɗi na ninkuwa, in ba ka cire ba kafin ya ɓace ka rasa. Aka koya masa ya fara da Naira 200, ya riƙa cirewa in ta ninka biyu, in ya faɗi ya ninka zubi. Kusan mako biyu yana samun wajen Naira 2,000 a rana. Ya sayi takalmi, ya fara koya wa wasu, har yana cewa tuƙin Keke ɓata lokaci ne. Ran nan da daddare jirgi ya faɗi sau bakwai a jere kafin ya kai ninki biyu, Naira 25,400 ta tafi cikin 'yan mintoci. Dabara ta ce ya zuba 25,600. Ba shi da su, amma balas ɗin mai Keke yana cikin asusunsa. Ya zuba, ya faɗi na takwas.

Malamin ya ce abin da yaron bai sani ba shi ne, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan da kansa ya rubuta cewa kashi 97 cikin ɗari na abin da aka zuba ne ke komawa ga 'yan wasa. Ma'ana, damar jirgin ya kai ninki biyu ba rabi ba ce, kashi 48 da rabi ce. Da wannan, faɗuwa bakwai a jere tana zuwa kusan sau ɗaya a zagaye ɗari. Yaron yana yin zagaye goma a rana. Ba sai an je wurin boka ba a san cewa cikin mako biyu ranar tana tafe. Ya ce ba rashin sa'a ba ne ya same shi, alƙawari ne lissafi ya cika. An karɓe Keken, kuma sai da mahaifinsa ya je ya ba da haƙuri a gaban mutane, dattijo mai furfura, a kan abin da bai ci ba bai sha ba. Zauren ya yi tsit a wannan wuri, kuma daga yadda wasu suka sunkuyar da kai, labarin bai yi musu kama da baƙo ba.

Ya ci gaba da cewa ƙarya ta biyu ita ce ta “lokaci ya yi”. Mutum ya ga an faɗi sau biyar, sai ya ce yanzu dole a ci. Ya sake ɗaga ɗan lidon ya tambaya ko akwai wanda ya ga ƙwaƙwalwa a jikinsa. Ya ce ɗan lido bai san abin da ya yi ɗazu ba, kowane jifa sabo ne fil. Ya kawo abin da ya faru a gidan cacan Monte Karlo a watan Agustan 1913, inda faifan nan mai juyawa mai gidaje ja da baƙi ya tsaya a kan baƙi sau 26 a jere. Tun daga tsakiya mutane suka yi ta tura kuɗi a kan ja, suna cewa ai lokacinsa ya yi, suna ninkawa, suka yi asarar miliyoyi a dare ɗaya.

Abin mamaki, in ji shi, shi kansa wannan fanni na lissafi a teburin caca aka haife shi. A shekarar 1654 wani Bafaranshe mai son caca, de Mere, ya rasa gane me ya sa zubin cewa shida za ta fito a jifa 4 na ɗan lido ɗaya ke da riba, amma zubin cewa shida biyu za su fito tare a jifa 24 ba shi da ita. Ya kai ƙorafi wurin masani Pascal, shi kuma ya shiga musayar wasiƙu da Fermat. Amsar ita ce na farko yana da kusan kashi 52 cikin ɗari, na biyu kashi 49. Ɗan wannan tazarar ce ke raba mai ci da wanda ake ci. Ya ce shekara 370 ke nan da gama wannan magana, amma har yau ana sayar wa yaranmu akasinta da kuɗin data.

Game da tattalin jari kuwa, Malamin ya ce shi ne ya fi kama da hankali, shi ya sa masu ɗan karatu suka fi faɗawa. Ana ce wa mutum ya ware jarin caca daban, kada ya zuba fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a lokaci guda, in ya rasa kaza ya tashi, in ya ci kaza ya tashi. Ya ce a ɗauka mutum yana da Naira 50,000, yana zuba 500, sau ɗari a rana a wasan jirgin nan. Abin da ya wuce ta hannunsa a rana Naira 50,000 ne, kashi uku na gida Naira 1,500. A kwana talatin Naira 45,000. Bai ninka ba, bai yi fushi ba, bai karya ƙa'ida ko ɗaya ba, amma jarin ya kusa ƙarewa. Gida ba daga jarinka yake yankar rabonsa ba, daga duk abin da ka zuba ne, ko da kuɗin guda ne kake ta jujjuyawa. Tashi da wuri kuma ba ya canza komai, tunda gobe za ka dawo, kuma na'urar ba ta san ka je gida ka kwana ba.

Ya ƙara da cewa akwai ƙa'idar tattalin jari da masana suka yarda da ita, wadda wani masani a Amurka mai suna John Kelly ya fitar a shekarar 1956, har masu hannun jari suna amfani da ita. Tana gaya wa mutum kashi nawa na dukiyarsa ya kamata ya zuba gwargwadon rinjayen da yake da shi. Masu tallan dabaru suna son ambaton sunanta don su burge. Abin da ba sa faɗa shi ne, in ka sa mata lambobin kirafs, ko na wasan jirgi, ko na duk wasan da rinjaye ke hannun gida, amsar da take bayarwa ita ce kada ka zuba ko kwabo. Ya rubuta sifili babba a allo ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Ya taɓo batun hukuma a gurguje. Ya ce a watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano, sannan a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Amma shagon da ake iya sa wa kwaɗo shi ne na bakin titi. Wanda ke cikin aljihu, da mutum ke buɗewa a ƙarƙashin bargo ƙarfe biyun dare, babu mai rufe shi sai mai wayar.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani matashi ya ce shi ya san wanda ya ci miliyoyi, kuma da idonsa ya ga kuɗin. Malamin ya ce bai musa ba, dole ne wani ya ci, in ba haka ba wa zai dawo? Kuɗin da aka ba shi na sauran ne da suka faɗi, bayan gida ya cire nasa, kuma hotonsa da ake yaɗawa ya fi kowace talla araha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ce in ana maganar ci, babu kamar wani Bagirke mai suna Archie Karas, wanda ya shiga Las Vegas a ƙarshen 1992 da Dala 50, ya ci bashi ya fara wasa, ya yi ta ci a karta da 'ya'yan lido har ya tara kusan Dala miliyan 40. A 1995 ya mayar da su duka a kan teburan caca cikin 'yan makonni. In mai miliyan 40 bai iya jure wa gida ba, ina ga mai balas ɗin Keke?

Wani kuma ya ce ita ƙwallo daban ce, domin shi ya san ƙungiyoyi, yana bin labarinsu. Malamin ya ce kamfanin ma ya sani, kuma yana biyan mutane albashi da na'urori don wannan aiki kaɗai. Ya ce a duba wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. Da adalci, Naira 100 ta dawo 200. Amma a ce an rubuta 1.90. Wannan ya zuba ɗari a nan, wancan ya zuba ɗari a can, kamfani ya karɓi 200 ya biya 190, ko wa ya ci. In kuma ka jera wasa goma a tikiti ɗaya don kuɗin su yi yawa, yankan ma ninkuwa yake yi, har ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa kullum labarin guda ne, wasa ɗaya ne ya yanke tikitin.

Tambaya ta ƙarshe a rubuce aka miƙo ta, babu suna. Mai tambayar ya ce ya riga ya shiga, ana bin sa bashi, kuma yana ganin in bai ci gaba ba babu yadda zai biya. Malamin ya karanta ta sau biyu. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, kada ya bi shi, domin bin sa shi ne ninkawar da aka gama bayani. Ya ba shi shawarar ya goge manhajar a daren nan kafin ya kwanta, ya fita daga duk zaurukan da ake turo lambobi, ya zauna ya rubuta bashin duka a takarda da sunan kowa da adadinsa, ya sami mutum ɗaya da ya amince da shi, wa ne ko aboki ko Malami, ya gaya masa gaskiya, in ya yiwu ya ba shi ajiyar katin bankinsa na wani lokaci. Masu bin sa kuma ya je ya same su da ƙafarsa kafin su zo, ya nemi su yarda ya riƙa biya kaɗan kaɗan. Batun abin da ya taɓa ci a baya da yadda zai yi da shi, ya ce wannan na malaman fiƙihu ne, ya je ya tambaya. Ya kuma ce shi yana nan bayan an tashi, duk wanda ya rubuto takardar zai iya tsayawa kamar mai taya naɗe tabarma, babu wanda zai gane.

An rufe zaman da addu'a da misalin ƙarfe goma da rabi na dare. Matasa huɗu ne suka tsaya naɗe tabarmi.